Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Zanen Birni, Daga Tawadarsa Har Mutum-mutumin da Ke Kan Ginshiƙi

A bakin kogin Sen da ya ratsa birnin Paris, akwai masu sayar da tsofaffin littattafai a cikin wasu korayen akwatuna da aka kafa a jikin katangar kogin. A wurin ɗaya daga cikinsu na sayi wata 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Zanen dandalin Vendôme ne, da dogon ginshiƙin nan da Napoleon ya sa aka gina don tunawa da nasarar da ya yi a yaƙin Austerlitz a 1805. Wani ya riga ya datse gindin takardar da almakashi don ta shiga firam, ya tafi da sunan mai zanen da na maɗaba'a da shekara. Da na tambayi mai sayarwa, cewa ya yi tsohuwa ce, bai ƙara komai ba. Sai da na dawo gida na zauna da ita kwana biyu sannan ta faɗa mini shekarunta da bakinta, kuma hanyar da na bi ita ce zan shimfiɗa a nan.

Kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto a 1839, wanda ya je Roma ko Landan ko Paris yana son ya nuna wa mutanen gida abin da ya gani, irin waɗannan takardu yake sayowa. Ana sassaƙa zanen a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a buga a takarda, ɗari-ɗari. Abin da aka fi zanawa shi ne gine-ginen tunawa: ginshiƙan nasara, ƙofofin da sarakuna suka gina bayan yaƙi, hasumiyoyi, da mutum-mutumin manya a tsakiyar dandali. Dalilin da ya sa na fi son wannan rukuni shi ne ginin tunawa ba ya zama yadda yake. Kowace gwamnati ta zo sai ta taɓa shi, ta sauke wani abu ta ɗora wani, kuma ana rubuta ranar da aka yi hakan. Saboda haka ginin da ke cikin zanen kalanda ne ga wanda ya iya karanta shi.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, irin na masu gyaran agogo ko masu gyaran waya. In babu, kyamarar waya mai kyau za ta yi maleji. Sai tocila ƙarama, da rula mai santimita, da fensir, da tebur mai tsabta da aka shimfiɗa wa farar takarda. Wanke hannu ka busar da shi sarai, ka kawar da shayi da biro daga wurin. In takardar tana cikin firam, a cire ta, domin rabin shaidar da kake nema tana baya da gefe-gefe.

Mataki na farko: bugun faranti ne ko hoton bugu?

Kama da wane ba ta wane. Mafi yawan abin da ake rataye wa a otal-otal da ofisoshi hoton tsohon zane ne da injin zamani ya buga, wani lokaci har a rina takardar ta yi ja-ja kamar ta tsufa. Ɗora gilashinka a kan wuri mai duhu, kamar inuwar ƙofa ko gajimare. In ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere reras kamar idon rariya, ko ɗigo masu launin shuɗi da ja da rawaya a cakuɗe, to aikin inji ne. Wannan hanyar buga hoto da ɗigo ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1880, don haka ba za ta fito a takardar 1760 ba. A zanen gaske layi za ka gani, kowane layi a tsaye da ƙafarsa, da farar takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Daga nan kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocila a gefen takardar ta yadda hasken zai shafi fuskarta a kwance. Abu biyu kake nema. Na ɗaya, tawadar ta ɗan tasa sama da takarda. Ka taɓa shafa sabuwar takardar naira ko ta sefa da yatsa ka ji hoton da ke jikinta yana da kaushi? Hanyar bugu ɗaya ce: tawada tana kwance a cikin ramukan da aka sassaƙa, inji ya danna jiƙaƙƙiyar takarda da ƙarfi har ta shiga ramin ta kwaso ta. Na biyu, sawun faranti. Wannan dannawar tana barin wani lotsattsen layi mai kusurwa huɗu kewaye da zanen, inda bakin farantin ya nutse cikin takarda. Auna shi da rula ka rubuta tsawo da faɗi, za ka buƙace su nan gaba.

Sai dai kada ka dogara ga sawun faranti shi kaɗai. Masu jabu suna danna farantin da babu komai a jikinsa don su ƙirƙiro shi, kuma zanen gaske da aka datse wa gefe, kamar nawa, yana iya rasa shi.

Mataki na biyu: da me aka yi layin?

Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya ko maƙerin fari ya san cewa kowane ƙarfe da irin sawun da yake bari. A nan ma haka ne.

Akwai sassaƙar hannu tsantsa, inda mai aiki yake tura wani ƙarfe mai kaifin baki cikin jan ƙarfe yana fere shi. Layinta yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini kamar ƙaya. Akwai kuma wadda ake yi da asid: a shafe farantin da wani irin kaki, a yi zane a kai da allura, a tsoma shi a asid ya cinye wuraren da allura ta buɗe. Layin wannan yana da 'yanci, yana ɗan rawa kamar rubutun alƙalami, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa a dakushe. Yawancin zanen birane na ƙarni na 18 an haɗa biyun ne, a fara da asid a ƙarasa da ƙarfe.

Wajen 1820 aka fara sassaƙa a kan baƙin ƙarfe mai tauri. Jan ƙarfe yana da laushi, bayan bugu 'yan ɗaruruwa layukan sun fara suɗewa, amma baƙin ƙarfe yana ba da dubbai. Alamarsa layuka ne sirara ƙwarai a matse da juna, har sararin sama ya zama toka-toka mai sheƙi, kuma sau da yawa da wata na'urar ja layi aka yi saman, layukan a miƙe babu rawa ko kaɗan. Zanen yakan kasance ƙarami, daidai shafin littafi. Da na leƙa samaniyar takardata ta Vendôme, abin da na gani ke nan, sai na rubuta: ba ta riga 1820 ba.

Akwai wasu hanyoyin bugu biyu, ga su a taƙaice. In akwai rubutun jarida a bayan takardar, kuma babu sawun faranti, galibi sassaƙar katako ce, irin wadda jaridu masu hotuna suka yi ta amfani da ita daga shekarun 1840. In kuma zanen ya yi kama da na alli ko gawayi, yana da tsaki-tsaki marasa tsari, tawadar a kwance lamɓas, to bugun dutse ne, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munich a ƙarshen shekarun 1790.

Mataki na uku: ɗaga takardar ga haske

A nan mu Hausawa muna da gado, domin duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu a zauren malamai ya ga wannan abu ko da bai sa masa suna ba. Ka ɗaga warƙa ɗaya ga rana, sai ka ga layuka sirara a matse sun ratsa ta, da wasu masu tazara kamar faɗin yatsa biyu sun gitta su, wani lokaci da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Wannan takarda daga arewacin Italiya take zuwa, ta biyo Masar da Tarabulus ta ratso Sahara zuwa kasuwanninmu. Layukan sawun wayoyin rariyar da aka kwashi kullun takardar da ita ne, tambarin kuwa waya ce aka lanƙwasa aka ɗinka a jikin rariyar.

Irin wannan takarda mai layi ita ce ta bugun Turai har zuwa ƙarshen ƙarni na 18. Takarda mai santsi marar layi ta fara bayyana a Ingila a 1757 daga masana'antar James Whatman, amma ba ta zama ruwan dare ba sai wajen 1790 zuwa 1800. Saboda haka zanen da aka rubuta masa 1750 amma yana kan takarda marar layi, ka sa masa alamar tambaya: wataƙila farantin na 1750 ne, bugun kuwa na baya ne. Daga 1794 masu takarda a Ingila sun riƙa sa shekara a cikin tambarin, kuma in ka yi sa'a ka samu wannan, ka sami ƙasan shekarun bugun, domin ba a buga abu a takardar da ba a yi ba tukuna.

Tsohuwar takarda daga tsummokaran lilin da auduga aka yi ta, shi ya sa ta shekara 250 takan fi ta shekara 120 ƙwari da haske. Bayan tsakiyar ƙarni na 19 aka koma ɓawon itace, wanda yake ja ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji suke duba kuɗi da ita. Takardar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau galibi tana ɗauke da sinadarin ƙara fari, tana walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Tsohuwa ba ta yi.

Mataki na huɗu: ƙananan rubutun gindi

In ba a datse ba, duba ƙarƙashin zanen. Bisa al'ada sunan wanda ya yi zanen asali yana hagu, na wanda ya sassaƙa yana dama, kowanne da gajeren kalmar Latin a bayansa. *Del.* ko *delin.* na nufin shi ya zana. *Pinx.* na nufin daga fentinsa aka kwafo. *Sc.* ko *sculp.* shi ya sassaƙa. *Fec.* ko *f.* shi ya yi. *Exc.* shi ya buga ya sayar. A na Faransa za ka ga *dessiné par* da *gravé par*, a na Jamus *gez.* da *gest.*

A bugun Ingila, jimla mai cewa an buga bisa dokar majalisa tana nuna bayan 1735 ne, shekarar da dokar kare haƙƙin masu sassaƙa ta fara aiki, wadda ake laƙaba wa sunan mai zanen Ingila William Hogarth. Dokar ta sa a rubuta ranar bugu, shi ya sa zanen Ingila ya fi saura sauƙin sa wa shekara. A na Faransa, *avec privilège du Roi*, wato da izinin sarki, yana kai ka kafin juyin juya halin 1789. Adireshin shagon ma shaida ne, domin masu bugu suna ƙaura, kuma masana sun bi sawun shekarun da kowanne ya zauna a kowane titi.

Abin da za ka riƙe shi ne, duk shekarar da ka gani a rubuce shekarar faranti ce. Ba lallai ta zama ranar da tawada ta haɗu da wannan takardar da ke hannunka ba.

Mataki na biyar: tambayi ginin da kansa

Wannan shi ne matakin da na fi jin daɗinsa, kuma shi ne ya warware mini takardata.

An kammala ginshiƙin Vendôme a 1810, tsawonsa kimanin mita 44, an lulluɓe shi da tagullar igwogin da aka ƙwace a yaƙi. A kansa aka tsayar da Napoleon cikin shigar sarkin Rumawa, da mayafi da rawanin ganye. A 1814 da mulkinsa ya faɗi aka sauke mutum-mutumin, aka kafa farar tuta ta gidan sarautar da ta dawo. A watan Yulin 1833, Sarki Louis-Philippe ya sa aka ɗora sabon Napoleon, wannan karon cikin doguwar kwat ta soja da hularsa mai kusurwa biyu. A 1863 Napoleon na Uku ya ga wannan shiga ba ta dace da mai daula ba, ya sauke shi ya mayar da mai shigar Rumawa. Ranar 16 ga Mayun 1871 'yan tawayen Paris suka ɗaura wa ginshiƙin igiyoyi suka kayar da shi ƙasa warwas, sannan aka sake tayar da shi a tsakiyar shekarun 1870. Ka ga ginshiƙi ɗaya ya ba ka zamani biyar, kowanne da kamanninsa.

Na sa gilashi a ƙololuwar nawa. Mutumin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma ga hular nan mai kusurwa biyu, ga gindin kwat ya sauko har gwiwa. Ke nan tsakanin 1833 da 1863. Sai na sauko ƙasa wurin mutanen da ke yawo a dandalin. Matan suna sanye da riguna masu kumburarren hannu daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, yayin da ya yi tashe a farkon shekarun 1830, babu ko ɗaya mai faffaɗan siket ɗin nan mai ƙarfe a ciki da ya shigo bayan 1855. Haɗe da shaidar baƙin ƙarfe da takarda marar layi, na rubuta a bayanina: an sassaƙa farantin tsakanin 1833 da wajen 1840. Wancan mutum-mutumi mai kwat yana nan har yau a farfajiyar Invalides, gidan da aka gina wa tsofaffin sojoji a Paris, wanda ya je Paris yana iya zuwa ya kwatanta.

Haka za ka yi wa kowane gini. Nemi tarihinsa, ka jera sauye-sauyensa da shekarunsu a takarda, sannan ka koma zanen kana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ga wasu da za su yi maka amfani.

Ginshiƙin Trajan, sarkin Rumawa, a Roma, wanda aka gama a shekara ta 113 don tunawa da yaƙe-yaƙen Dacia, an ɗora masa mutum-mutumin Bitrus, almajirin Yesu, a 1587 bisa umarnin Fafaroma Sixtus na Biyar. In ka ga kubba biyu na coci a bayansa, zanen ya biyo bayan shekarun 1730, domin a lokacin aka gina ta biyun. In gindin ginshiƙin yana cikin ɗan rami, gidaje sun matse shi, to kafin Faransawa su tone wurin ne tsakanin 1811 da 1814. In kuma ga fili a buɗe da guntayen ginshiƙai a jere a gabansa, bayan tonon ne.

Ƙofar Titus, ita ma a Roma, da aka gina wajen shekara ta 81, ta daɗe a manne cikin katangar wata ganuwa, gefunanta a ɓantare. Sai wajen 1821 Giuseppe Valadier ya kammala gyaranta ta tsaya ita kaɗai. Ƙofar Septimius Severus kuwa, ƙasa ta binne ta har kusan rabi kafin a tone ta a 1803. A zanen ƙarni na 18 za ka ga shanu kwance a gabanta da amalanke, domin dandalin da sarakunan Rum suka yi mulkin duniya daga cikinsa ya koma makiyaya da kasuwar dabbobi, har mutanen gari suna kiransa Campo Vaccino, wato filin shanu. Duk lokacin da na ga waɗannan shanun sai in tuna kara a ranar kasuwa.

A Landan, ginshiƙin tunawa da gobarar 1666, wanda Christopher Wren da Robert Hooke suka tsara aka gama a 1677, an sa wa barandarsa ta sama kejin ƙarfe a farkon shekarun 1840. Ginshiƙin Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, ya samu mutum-mutuminsa a 1843, amma zakunan nan huɗu na gindinsa sai 1867 suka iso. A nan akwai tarko: wasu masu bugu sun riga magina, sun zana gini yadda aka tsara shi tun ba a gama ba, don su riga abokan hamayya kasuwa. In ka ga abin da ke cikin zanen bai yi daidai da kowane zamani na ginin ba, wataƙila tsari aka zana ba gini ba.

Mataki na shida: faranti yana daɗewa fiye da mai shi

Babu wanda ya kai Giovanni Battista Piranesi suna a wannan fanni. An haife shi a 1720 a yankin Venice, ya rasu a Roma a 1778, ya bar manyan zanukan birnin guda 135 da ya shafe kimanin shekara talatin yana yi. Amma mutuwarsa ba ta tsayar da bugu ba. 'Ya'yansa sun kwashi farantan zuwa Paris wajen 1800 suka ci gaba. Daga baya kamfanin Firmin-Didot ya buga da su, sannan a 1839 aka saye su bisa umarnin Fafaroma Gregory na Sha Shida aka mayar da su Roma, aka yi ta bugawa har cikin ƙarni na 20. Duk waɗannan daga farantinsa na gaske suka fito, amma darajarsu da kyawunsu ba ɗaya ba ne.

Yadda ake rarrabewa shi ne ta sauye-sauyen da aka yi wa farantin. A bugun zamaninsa za ka ga adireshinsa a gindi, bayan 1761 yana cewa Palazzo Tomati a Strada Felice, tare da farashi. Daga baya aka goge farashin. A bugun Paris aka ƙara lambobi a kusurwa. Wani masani ɗan Ingila, Arthur Hind, ya jera waɗannan matakai a littafi a 1922, shi ya sa dillalai suke rubuta lambar Hind a bayanin kowane zane. Idonka ma zai taimaka: bugun farko baƙinsa yana da zurfi, siraran layukan gajimare a raye suke, na ƙarshe kuwa sun koɗe, wuraren duhu sun yi dabbare-dabbare. Lanƙwasa a tsakiyar babban zane ba aibi ba ne, alamar an taɓa ɗinke shi a kundi ne.

Yanzu ne awon da ka yi zai yi aiki. Gidan tarihi na Birtaniya, da Metropolitan na New York, da Rijksmuseum na Amsterdam, da ɗakin karatun ƙasa na Faransa ta shafinsa na Gallica, duk sun zuba dubban irin waɗannan zanuka a intanet kyauta, da awonsu. Nemo irin naka, ka kwatanta girman faranti. Bambancin milimita biyu ko uku ba komai, takarda tana tsukewa in ta bushe. Bambancin santimita da yawa kuwa yana nufin wani faranti ne daban, ko kwafi. Sannan ka zaɓi lungu ɗaya ƙarami, ka ƙirga layukan inuwar wata taga a naka da nasu.

Mataki na bakwai: kada ka ba zanen gaskiya duka

Mai zane ɗan kasuwa ne, yana son abin da zai burge. Piranesi yakan ƙanƙantar da mutane, ya tsaya ƙasa-ƙasa yana kallon sama, har ƙofa mai matsakaicin girma ta zama dutse. Wasu suna faɗaɗa titi, su kawar da gidan da ya tare musu gani. Akwai kuma wani rukuni da aka yi ta bugawa a Paris da Augsburg a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, masu launi rau-rau, da aka yi don a kalle su ta cikin gilashi da madubi. Waɗannan da yawa a juye suke, hagu ta koma dama, har taken sama ma a juye aka rubuta shi. Sa madubi a gabansu kafin ka yanke hukunci.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne zanen Kano daga kan Dala da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya shiga Kano a Fabrairun 1851, bayan ya ga Agadas da hasumiyar masallacinta a Oktoban 1850, aka buga littafin a 1857 da 1858. Bugun dutse ne mai launi, kuma ba hannun Barth ne ya kai shi dutse ba. Shi ya yi zanen farko a hanya, sai Johann Martin Bernatz a Jamus ya sake zana shi, mutumin da ya taɓa zuwa Habasha amma bai taka ƙasar Hausa ba. Don haka shimfiɗar gari da tsarin unguwanni abin dogaro ne gwargwado, amma siffar itatuwa da tsayuwar mutanen gaba-gaba sai a yi hattara da su. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa kowane zane: wanda ya sassaƙa ya ga wurin da idonsa, ko labari hannu ya ba hannu?

Game da launi, yawancin waɗannan zanuka baƙi da fari aka buga su. Launin da ka gani da hannu aka sa, wani tun zamanin, wani kuwa jiya-jiya dillali ya sa don ya ƙara kuɗi. Juya bayan takardar: tsohon kore mai sinadarin jan ƙarfe yakan ci takarda ya ɓullo ta baya da launin ƙasa-ƙasa. In fenti ya hau kan tabon tsufa ya rufe shi, tabon ya riga fentin.

In ta intanet za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi hoton baya, da hoton takardar a ɗage ga haske, da hoton kusa na wuri mai duhu, da awon faranti. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ajiya a irin yanayinmu

Takardar da ta rayu shekara 200 a Turai tana iya lalacewa a damina biyu a nan. Abokan gabarta su ne danshi, da rana, da gara, da asu, da kyankyaso, sai kuma mai kyakkyawar niyya. Na ƙarshen ya fi ciwo. Na taɓa ba ƙanena wani shafi na tsohon zane ya kai shagon kwafi a ɗaukar mini hotonsa, mai shagon ya ga takardar ta tsufa, sai ya yi mini alheri ya manne ta cikin leda da injin zafi. Garin neman gira aka rasa ido. Tawadar da ta tasa ta lotse, sawun faranti ya shafe, gam ya shiga jikin takardar, kuma babu hanyar fitar da ita lafiya. Kada a manna leda, kada a sa salatif, kada a sa gam, kada a datse gefe don ta shiga firam, kada a goge tabo da ruwa ko bilic. Ɗigo-ɗigon nan masu launin tsatsa, bar su yadda suke, wankinsu aikin ƙwararru ne.

Ajiye ta a kwance, ba a naɗe ba, tsakanin farar takarda marar asid, cikin akwati mai murfi, a kan kanta nesa da ƙasa da bangon waje. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 40 da 55 cikin ɗari. Da damina, tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da robar magani, ka zuba a kusurwar akwatin ba tare da sun taɓa takardar ba. Buɗe akwatin duk wata ka sansana, warin fumfuna yana riga ganinta. Da hunturu kuma takarda tana bushewa ta yi tauri, don haka in ta zo maka a naɗe, kada ka tilasta mata miƙewa, bar ta ta saki jiki da kanta kwana da kwanaki.

In za ka rataye ta, a sa kwali marar asid mai taga tsakaninta da gilashi don kada su haɗu, a liƙe bayan firam saboda ƙura da ƙwari, a zaɓi bangon da rana ba ta dukansa. Ni dai na fi son in rataye hoton da na ɗauka, asalin ya zauna a akwati.

A wata takarda daban, da fensir, rubuta abin da ka gano: sunan gini da birni, irin sassaƙar, irin takarda da tambarinta, awon faranti da na warƙa, duk rubutun gindi harafi da harafi, shekarun da ka yanke da dalilin da ya sa, inda ka saya da ranar. Sa ta cikin akwatin tare da zanen. A tawa ta Vendôme, layi na ƙarshe yana cewa: hula mai kusurwa biyu, kwat har gwiwa, 1833 zuwa wajen 1840, an datse gindi kafin ta zo hannuna.